Bessie Coleman da Lasisin Tuƙin Jirgi: Nazarin Ɗaukar Mataki Cikin Tsoro da Rashin Tabbas

A ranar 15 ga Yuni, 1921, hukumar kula da harkokin tashi sama ta duniya, wadda a wancan zamani mazauninta yake birnin Paris, ta damƙa wa wata mata mai shekara 29 lasisin tuƙin jirgin sama. Sunanta Bessie Coleman, 'yar ma'aikatan gonar auduga daga jihar Texas ta ƙasar Amurka, kuma ita ce mace baƙar fata ta farko da ta taɓa riƙe irin wannan takarda. Shekara biyu kafin wannan rana tana wani shagon aski a Chicago tana gyara wa maza farce, ba ta jin Faransanci, ba ta da kuɗin jirgin ruwa, kuma babu makarantar tuƙi ko ɗaya a ƙasarta da ta yarda ta karɓe ta. Kafin a cika shekara biyar da samun lasisin, ta faɗo daga jirgi a jihar Florida ta rasu. Masu ba da labarinta sukan daɗe a kan nasarar su wuce mutuwar da sauri, alhali duk wanda yake son ya fahimci yadda mutum ke nufar burinsa cikin tsoro da rashin tabbas, dole ne ya duba ɓangarorin biyu tare, domin hali guda ne ya kai ta ga kowannensu.

An haife ta ranar 26 ga Janairu, 1892, a wani ƙaramin gari da ake kira Atlanta a Texas, ita ce ta goma cikin 'ya'ya 13. Tana shekara biyu iyalin suka koma Waxahachie, kudu da Dallas, inda abincinsu ya rataya a kan auduga. Makarantar da ta shiga tana shekara shida ɗaki ɗaya ce tak, ta baƙaƙen fata zalla kamar yadda dokokin wariya na kudancin Amurka suka tanada, kuma sai ta taka fiye da kilomita 6 a ƙafa kafin ta isa. Idan lokacin tsinkar auduga ya zo, karatu yakan tsaya, yara da manya su nufi gona. A 1901 mahaifinta, wanda yake da jinin ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar, ya gaji da wulaƙancin Texas ya koma yankin Oklahoma, uwar kuwa ta ƙi binsa, ta zauna tana aikatau a gidan fararen fata, Bessie tana renon ƙannenta tana taimakawa da wanki da guga.

Yunƙurinta na farko bai yi nasara ba. Tana shekara 18 ta kwashi abin da ta tara ta shiga kwalejin baƙaƙen fata da ke Langston a Oklahoma, ta yi zango ɗaya kuɗin ya ƙare, ta dawo gida ta ci gaba da wanki. Wannan faɗuwa tana da muhimmanci a nazarin, domin ta nuna mata a aikace cewa ƙwazo da ƙwaƙwalwa ba sa biyan kuɗin makaranta, kuma wanda ya fita da guzurin rabin hanya, a rabin hanya zai juyo. A ganina, tsarin da ta bi shekara goma bayan haka, lokacin da take shirin tafiya Faransa, yana ɗauke da alamar mutumin da ya taɓa dawowa gida hannu rabbana kuma ba ya son ya maimaita.

A 1915 ta koma Chicago wajen 'yan'uwanta maza, cikin ayarin baƙaƙen fata dubun-dubata da suke ta ƙaura daga kudu zuwa biranen arewa a waɗannan shekaru. Ta koyi gyaran farce, ta sami kujera a shagon aski na White Sox da ke unguwar baƙaƙe a kudancin birnin. Shagon aski a irin wannan unguwa majalisa ce, inda 'yan kasuwa da 'yan jarida da 'yan siyasa ke haɗuwa, kuma da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918 sojojin da suka dawo daga Turai suka cika shi da labaran jiragen yaƙi. Ɗaya daga cikin 'yan'uwanta da ya yi aikin soja a Faransa yakan tsokane ta da cewa matan Faransa sun fi su, tun da har jirgi suke tuƙawa. Tsokanar tana da tushe, domin tun a 1910 wata Bafaransiya, Raymonde de Laroche, ta zama mace ta farko a duniya da ta sami lasisin tuƙi, kuma a 1917 wani baƙar fata ɗan Amurka, Eugene Bullard, ya tuƙa jirgin yaƙi a rundunar Faransa, sannan rundunar ƙasarsa ta haihuwa ta ƙi karɓarsa. Daga wannan hira ta shago ne burin ya tsaya mata a rai.

Ta nemi gurbi a makarantun tuƙi na Amurka, duk suka ƙi ta, wasu don tana mace, wasu don launin fatarta, mafi yawa don duka biyun. Ya kamata mai karatu ya san irin yanayin da ake ciki, don kada a ɗauka tsoron da ke gabanta na jin kunya ne kawai. A watan Yuli na 1919 rikicin launin fata ya ɓarke a Chicago bayan an jefi wani yaro baƙar fata da duwatsu a tafkin Michigan ya nutse, aka yi kusan mako guda ana ƙone-ƙone da kashe-kashe, mutum 38 suka mutu, 23 daga cikinsu baƙaƙe, kuma a unguwannin da take zaune abin ya fi ƙamari. Sai a watan Agusta na 1920 ne ma tsarin mulkin ƙasar ya ba matan Amurka damar jefa ƙuri'a. A wannan zamani ne mai gyaran farce take cewa za ta hau sama.

Abubuwan da ba ta da tabbas a kansu suna da yawa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ba ta san ko za ta iya koyon Faransanci har ta fahimci malami ba, ba ta san ko kuɗi zai ishe ta ba, ba ta san ko za ta fita daga horon da ranta ba tun da ɗalibai suna mutuwa a cikinsa, kuma ko da ta sami lasisin ba ta san wanda zai ba ta aiki ba. Abin da ya fi jan hankali a lamarinta shi ne yadda ta raba waɗannan gida biyu. Akwai waɗanda aiki zai iya ragewa, wato harshe da kuɗi da takardun tafiya, sai ta duƙufa a kansu. Akwai kuma waɗanda babu mai iya ba ta amsarsu daga Chicago, wato batun rai da batun abin da zai biyo baya, sai ta bar su a buɗe ta tafi da su haka nan. Mutane da yawa da ke da buri sukan yi akasin haka: su kwana suna juya tambayar da ba ta da amsa, su bar wadda ke buƙatar awa biyu na aiki kowace yamma.

Wanda ya nuna mata hanyar Faransa shi ne Robert Abbott, mai jaridar Chicago Defender, wadda ya kafa a 1905 kuma ta zama jaridar baƙaƙen fata mafi tasiri a ƙasar. Ta shiga ajin Faransanci a makarantar Berlitz da ke Chicago, ta karɓi aikin kula da wani ɗan gidan cin abinci don ta ƙara abin da take tarawa, sannan Abbott da wani mai banki baƙar fata, Jesse Binga, suka cika mata da gudummawa. A takardar neman fasfo ta rage shekarunta da huɗu, ta rubuta 1896 a matsayin shekarar haihuwa, abin da ke nuna ta san cewa ko shekaru ma za a iya amfani da su a rufe mata ƙofa. A watan Nuwamba na 1920 ta shiga jirgin ruwa daga New York.

Taimakon Abbott ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Mutum ne mai kishin jama'arsa, wannan babu shakka, amma kuma ɗan jarida ne da ya gane cewa labarin baƙar mace matuƙiya zai sayar da jarida kuma zai ƙarfafa hujjar da yake kafawa kowane mako, cewa baƙar fata na iya duk abin da farar fata ke iyawa. Bessie ba ta je masa da roƙo kawai ba, ta je masa da abin da shi ma yake bukata. Da rashin tayi akan bar arha, in ji Hausawa, amma tayin da ake amsawa shi ne wanda mai kaya ya ga ribarsa a ciki, kuma ta ci gaba da amfani da wannan fahimta har ƙarshen rayuwarta, wani lokaci ma tana ƙara wa labaranta gishiri a gaban 'yan jarida don ta ja hankalin masu kallo.

Makarantar da ta karɓe ta ita ce ta 'yan'uwan nan Caudron, masu ƙera jirage, a Le Crotoy da ke bakin teku a arewacin Faransa. Jirgin koyon ƙirar Nieuport ne mai fuka-fuki biyu, ɗaya bisa ɗaya, an yi shi da katako da waya da ƙyalle, kujerunsa a buɗe suke ba rufi, kuma lokacin hunturu ne. Ana sarrafa shi da sanda ɗaya da ke tsaye tsakanin ƙafafun matuƙi, da wata sandar a kwance ƙarƙashin tafin ƙafa mai juya jelar jirgin. Ƙarar inji da iska ba sa barin ɗalibi ya ji maganar malami sosai, saboda haka yawancin koyon ta hannu ne: sandunan kujerun biyu a haɗe suke, ɗalibi ya riƙe nasa yana jin yadda malami ke motsa su, har jikinsa ya haddace. A cikin wannan horo ne ta ga jirgin wani ɗalibi ya faɗo a gabanta, ya mutu. Daga baya ta shaida wa 'yan jarida cewa abin ya girgiza ta ƙwarai, amma ba ta bari ya karya ta ba, ta ci gaba. Wannan magana ita ce shaida mafi ƙarfi da muke da ita cewa matar tana jin tsoro kamar kowa. Ta ga gawar wanda ke yin abin da take yi, da irin jirgin da take hawa, ta kuma san cewa ba ta fi shi komai ba, sannan ta koma filin. A wannan gaɓa komawar tana da hujja a hankalce, domin haɗarin sananne ne, tana ƙarƙashin malamai, jiragen suna hannun kamfanin da ya ƙera jirage a lokacin yaƙi, kuma kowace rana ta horo tana rage yiwuwar kuskurenta. Ta kammala cikin kimanin wata bakwai.

Mako biyu kafin a ba ta lasisin, a ranakun 31 ga Mayu da 1 ga Yuni, 1921, fararen fata sun ƙone unguwar Greenwood ta baƙaƙen fata a Tulsa, cikin jihar Oklahoma ɗin da ta taɓa zuwa neman ilimi. Wannan ita ce ƙasar da ta koma a watan Satumba. Amelia Earhart, matuƙiya farar fata 'yar Amurka wadda duniya ta fi sani, sai a 1923 ta sami irin wannan lasisi daga hukumar.

Da ta dawo, jaridun baƙaƙen fata sun yi mata maraba, amma tambayar da ta bari a buɗe ta tarar da ita tana jira. Kusan babu kamfanonin jigilar fasinja da za su ɗauki matuƙi a wancan lokaci, balle su ɗauki irinta. Babbar hanyar da matuƙin farar hula ke cin abinci ita ce wasan sama: a bi gari-gari, a tara jama'a a fili su biya kuɗin shiga, matuƙi ya yi alkafura da jirgi, ya yi kamar zai faɗo sannan ya ɗaga, wani ya yi tsalle da laima. Horon da ta samu bai kai ga wannan ba, kuma a Amurka har yanzu babu mai koya mata. Sai ta sake tattara kuɗi, a watan Fabrairu na 1922 ta koma Turai, ta yi ƙarin horo a Faransa, ta je Holan ta gana da shahararren maƙerin jirage Anthony Fokker, ta wuce Jamus ta ƙara koyo a hannun ɗaya daga cikin manyan matuƙan kamfaninsa. A wajena wannan tafiya ta biyu ta fi ta farko bayyana halinta. Tana da lasisi, tana da suna, jama'a sun ƙosa su gan ta a sama, kuma da ta ga dama da ta hau ta gwada sa'arta. Ta auna iyawarta ta ga bai kai ba, ta saurari tsoron da ya gaya mata haka, ta koma aji.

Ranar 3 ga Satumba, 1922, ta yi wasanta na farko a filin Curtiss da ke Long Island kusa da New York, a wani taro na karrama tsofaffin sojojin runduna ta 369, rundunar baƙaƙen fata da ta yi suna a yaƙin Faransa. Bayan mako shida ta yi wani a Chicago. A wannan shekara ce wani kamfanin fim na baƙaƙen fata ya ba ta babban matsayi a wani fim, ta amince da fatan kuɗin zai taimaka mata, amma da ta ga fitowar farko za a nuna ta cikin tsumma da sanda da ƙunshin kaya a baya, irin siffar da fararen fata ke son ganin baƙar mace a cikinta, sai ta fice. Wannan ya ɓata tsakaninta da wasu masu shirya wasanni da za su iya buɗe mata ƙofofi, a lokacin da ba ta da jirgin kanta, sai dai aro da haya.

Rashin jirgi shi ne ƙullin da ya ɗaure duk sauran labarin. Burinta na gaskiya, kamar yadda ta sha faɗa, shi ne ta buɗe makarantar koyar da baƙaƙen fata tuƙi, kuma ba a buɗe makarantar tuƙi da jirgin aro. Abin da aljihunta zai iya kaiwa shi ne jirgin Curtiss JN-4, wanda ake yi wa laƙabi da Jenny, jirgin horon soja da aka ƙera dubbai lokacin yaƙi aka kuma yi gwanjonsu bayan an gama. Injinsa mai ƙarfin doki 90 ne, kuma ya yi suna wajen mutuwa a sama. Matuƙa da yawa da su suka fara, har da shahararren matuƙin nan Charles Lindbergh wanda ya sayi nasa dala 500 a 1923. Bessie ta je California, ta yi wa wani kamfanin taya talla, ta sayi nata. A watan Fabrairu na 1923, jim kaɗan da tashinta zuwa wani wasa a Los Angeles, injin ya tsaya, jirgin ya faɗo ya ragargaje, ta karye a ƙafa da haƙarƙari uku. Daga gadon asibiti ta aika saƙo cewa a gaya wa kowa da zarar ta iya taka ƙafarta za ta sake tashi. Ta yi watanni tana jinya, jirgin ya tafi, kuɗin ya tafi.

Kusan shekara biyu ta yi ba ta da wani wasa na kirki. Abin da ta riƙe a tsakani shi ne lacca: tana bin coci-coci da makarantu da gidajen sinima na baƙaƙen fata tana nuna hotunan tashinta a Turai, tana kira ga matasa su shiga harkar. A watan Yuni na 1925 ta dawo fage a Houston da jirgin aro, ta zagaya Texas, ta ƙara da tsalle da laima cikin wasanninta domin shi ne ke jan jama'a. A Waxahachie, garin da ta tashi, masu shirya taron sun so a yi ƙofar shiga biyu, ta farare da ta baƙaƙe, ta ce ba za ta tashi ba sai an yi ƙofa ɗaya. Suka ba da kai, ko da yake a cikin filin kowa ya zauna ɓangarensa. Mace marar jirgi, mai neman kowace dala, ta sa abincinta a kan layi saboda ƙofa, kuma ta ci rabin nasara, wadda a Texas ta 1925 ba ƙaramar aba ba ce.

A farkon 1926 tana Florida, ta buɗe shagon gyaran gashi a Orlando don ta tara kuɗi, tana biyan wani tsohon Jenny da ke Dallas kaɗan-kaɗan har wani mai hali ya cika mata ragowar. An shirya za ta yi wasa a Jacksonville ranar 1 ga Mayu. Bakanikenta, wani matashi farar fata mai shekara 24 da ake kira William Wills, shi ya tuƙo jirgin daga Dallas, kuma sau uku yana saukar dole a hanya saboda matsalar inji. Da 'yan'uwa da abokan arziki suka ji haka, suka roƙe ta kada ta hau, ta ƙi. Da safiyar 30 ga Afrilu suka tashi don ta duba filin da za ta dira da laima washegari. Wills ne ke tuƙi a kujerar gaba, ita tana baya, kuma ba ta ɗaura bel ba, domin ba ta da tsayin da za ta leƙa ƙasa ta gefen jirgin idan tana ɗaure. Bayan kamar minti goma, a tsayin kusan mita 900, jirgin ya sunkuya ƙasa ba zato, ya shiga juyawa, ya kife. Ta faɗo daga tsayin kimanin mita 600 ta mutu nan take, Wills kuma ya faɗi tare da jirgin ya mutu. Da aka bincika ɓaraguzan, aka tarar da sifana da aka manta a ciki ta zame ta maƙale a kayan sarrafawa. Tana da shekara 34.

A nan ne nazarin ya fi wuya. Tun daga Waxahachie har Chicago, kusan duk wanda ya ce mata kada ta yi, kuskure ya yi. Makarantun da suka ƙi ta, da masu dariyar mai gyaran farce, da waɗanda suka ɗauka karayar 1923 ta gama da ita, duk ta ƙaryata su, kuma mutumin da ya shafe shekara goma sha biyar yana cin nasara ta hanyar toshe kunne, da wuya ya gane ranar da ya kamata ya buɗe shi. Gargaɗin Jacksonville iri dabam ne da na baya. Na baya hukunci ne a kanta, a kan jinsinta da launinta, kuma ba shi da hujja. Na Jacksonville rahoto ne a kan na'ura, daga masu ƙaunarta, da shaida uku a hannu. Duk wanda aka gaya masa motar haya ta mutu sau uku kafin ta iso tasha zai yi tunani kafin ya shiga, alhali mota tana da gefen hanya da za ta tsaya, jirgi ba shi da shi. An ce matsoraci ba ya zama gwani, kuma rayuwarta ta gaskata wannan, sai dai gwanintar da ta kai ta Jamus a 1922 ta ƙunshi sanin tsoron da ya kamata a yi wa biyayya, kuma a wannan safiya ba ta yi aiki da shi ba.

Duk da haka, zalunci ne a ɗora mata laifin duka. Abin da ya kashe ta kai tsaye sifana ce da wani ya manta, ba injin da aka gargaɗe ta a kansa ba, ko da yake dukansu alamun jirgin da ba a kula da shi yadda ya kamata ne. Kwance bel ɗin ma yana da dalilinsa na aiki, tun da dira da laima a filin da ba a duba ba shi ma haɗari ne. Sannan zaɓin da ke gabanta ƙunci ne da shi: an sayar da tikiti, an yi shela, jirgin da ta shekara uku tana tara kuɗinsa ya iso, kuma a Jacksonville ta wancan zamani ba abu ne mai sauƙi ba baƙar mace ta sami fararen fata su ba ta hayar wani. Soke wasan yana nufin asarar kuɗin da za su zama harsashin makarantar. Matuƙi mai uban gida da jari zai iya cewa a kwance injin a duba, a ɗage wasa mako guda. Talauci da wariya sun bar ta da ƙofar shiga sana'ar a buɗe ta ƙarfin tsiya, amma sun hana ta abin da ke sa mutum ya daɗe a cikinta, wato kayan aiki masu lafiya da sararin cewa yau ba zan tashi ba. Kuma a lokacin babu wata hukumar tarayya da ke duba lafiyar jirgi kafin ya tashi. Dokar farko da ta ɗora wa gwamnatin Amurka alhakin ba matuƙa lasisi da tantance jirage, Shugaba Calvin Coolidge ya sa mata hannu ranar 20 ga Mayu, 1926, kwana 20 bayan rasuwarta.

An yi mata addu'o'in jana'iza a Jacksonville da Orlando, sannan aka kai gawar Chicago, inda mutane kimanin 10,000 suka fito, 'yar gwagwarmayar nan Ida B. Wells tana cikin waɗanda suka jagoranci taron, aka binne ta a maƙabartar Lincoln. Makarantar da ta yi ta tara wa kuɗi ba ta buɗe ta ba. A 1929 William J. Powell, injiniya kuma tsohon sojan yaƙin Faransa, ya kafa ƙungiyar koyon tuƙi da sunanta a Los Angeles, wadda ta karɓi maza da mata, kuma a 1931 ta shirya wasan sama na farko da baƙaƙen fata zalla suka gudanar. A Chicago ma wasu matuƙa baƙaƙe sun haɗa kansu suka fara koyarwa, kuma daga cikin ɗalibansu ne Willa Brown ta fito, wadda a 1938 ta zama baƙar mace ta farko da ta sami lasisin tuƙi a cikin Amurka kanta, shekara 17 bayan Bessie Coleman ta ƙetare teku ta samo nata.